Yadda Na Nemo Muryar Kaka

Ku matso kusa, ku da kuka san daɗin kiɗa amma ba ku taɓa tambayar inda amo yake fitowa ba. Ni ce Gwamma ta garin Kwarkwaɗa, mai kiɗan ƙwarya a gidajen biki. Na taka ƙasar da duwatsu ke waƙa, na zauna a cikin tulu, na ga gero yana rawa babu mai taɓa shi. Ba dukiya ta fitar da ni ba, ba kuma neman suna ba. Murya na fita nema, muryar ma ba tawa ba.

Garinmu yana bakin wani tafki da ba a hango ɗaya gaɓarsa, mazanmu kuwa duk masunta ne. Kowace shekara, idan damina ta fara ja da baya, wani farin tururi yakan tashi daga ruwan ya rufe sama da ƙasa, har mutum ba ya ganin hancin kwalekwalensa. Mayafi muke ce masa. Ba ya sallama, ba ya sa rana. Idan ya sauka maza suna kan ruwa, abu ɗaya ke dawo da su gida: wata ƙatuwar ganga da ke girke a kan tudun mashaya. Ana buga ta, masunta su juya wajen da amon ke fitowa. Kaka muke kiranta, kuma riƙon kaka muke yi mata. Duk wanda ta dawo da shi lafiya yakan tsinci farar tsakuwa a bakin ruwa, ya jefa mata ta wata ƙofa da ke gefen cikinta, alamar godiya. Matarsa ko mahaifiyarsa kuma ta saƙa zane ta lulluɓa mata, don kada sanyin tafki ya dame ta. Ba a cire zane, ba a fitar da tsakuwa. Wa zai karɓe abin da ya ba kakarsa?

Tun ina yarinya tsofaffi ke cewa muryar Kaka tana raguwa. Shekarar da Mayafi ya rufe mijina Arzika, wan mahaifina Baffa Nomau, wanda shi ke riƙe da gular bugun Kaka, ya buga har tafin hannunsa ya fashe. Na kusa sun ji, sun dawo. Arzika yana nesa. Ko filafilin tuƙinsa ba mu gani ba.

Na yi haƙuri, kamar yadda ake yi. Amma ranar da ɗana Jatau ya sauko da komar kamun kifi ta ubansa daga rataye ya ce shi ma zai shiga ruwa, sai na je wajen Baffa.

Na ce, "Baffa, me ke sa ganga magana?"

Ya ce, "Bugu mana."

"Ai kana bugun."

"To tsufa ne, Gwamma. Ni ma da ana jin tarina daga kasuwa, yanzu sai an matso."

"Idan tsufa ne, ina so in san wane wuri ne ya tsufa a jikinta. Zan je in tambayi waɗanda suka fi mu sani."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mace da ɗa mai gemu za ta shiga duniya da tambayar da ba wanda ya taɓa yi?"

Na ce, "Gemun nan nake so ya yi furfura, Baffa."

Ya yi mini addu'a. Na ɗaure ƙwaryata a baya, na ɗauki guzuri, na bi gabas tun damina tana sabuwa.

Ƙasa ta farko da na isa ta duwatsu ce, ta maƙera. Tun daga nesa na ji wani amo siriri mai daɗi yana yawo tsakanin tsaunuka, na zaci ƙararrawa ce. Da na matso sai na ga faffaɗan duwatsu baƙaƙe a rataye da igiyoyi a ƙarƙashin rumfuna, mutane suna buga su da guduma ta itace, kowane dutse da irin muryarsa. Ban taɓa jin abu mai tsabta a kunne irin wannan ba. Na tsaya da kayana a ka har wuyana ya ƙage.

Wani maƙeri mai suna Dogara, mai ƙonannen gemu, ya ce, "Baiwar Allah, sauke kayan, duwatsun ba za su gudu ba."

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya kai ni wajen wani dutse da ke kwance a ƙasa ya ce in buga. Na buga, ya ce tuf, ya yi shiru. Ya kira ƙannensa suka ɗaga dutsen nan suka rataye shi, ya ce in sake. Na sake, sai dutsen ya ɗauki waƙa ya riƙe ta, ya riƙe, har na gaji da jira.

"Dutse ɗaya ne fa," in ji shi. "Me ya sake?"

Na ce, "Ƙasa ta sake shi."

Ya ɗauko kuge, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa da ƙaho, ya buga ya ce in kawo leɓena kusa har ya ɗan taɓa. Na ji wani cakulkuli a leɓen har na zabura, ƙannensa suna dariya.

Ya ce, "Abin da ya yi miki cakulkuli shi ne amon. Makyarkyata yake yi, mai saurin da ido ba ya kamawa. Duk abin da kika ji yana ƙara, jikinsa na rawa. Yanzu damƙe shi."

Na damƙe, amon ya mutu a tafin hannuna nan take.

Da zan tafi ya ba ni kugen kyauta, ya kuma gargaɗe ni. Hanyar fita daga ƙasarsu ta wani kwazazzabo take bi, a cikinsa kuwa akwai kuraye makafi. Ba su gani, hancinsu ma ya mutu da warin farar wutar da ke wurin, amma suna jin faɗuwar ganye daga nesa.

Na shiga kwazazzabon da hantsi, ina taka yashi a hankali. Ban yi nisa ba kugen da ke rataye a ƙuguna ya bugi bakin ƙwaryata, ya ce tin. Sai ga kawuna suna ɗagowa daga bayan duwatsu, farare, idanu kamar madara, kunnuwa kamar faifai. Na damƙe kugen, na tsaya ko numfashi ba na yi sosai. Da hannu ɗaya na warware gyalena na naɗe shi a ciki, na naɗa, na ƙara naɗawa. Na gwada shi da farce, bai ce komai ba. Haka na lallaɓa har tsakiyar kwazazzabon, inda hanya ta matse, babbarsu kuma tana kwance a kanta ba ta da niyyar tashi.

Na koma baya kaɗan, na warware kugen a hankali na rataye shi a reshen wata busasshiyar ƙaya, na tsinci tsakuwa cike da hannu, na hau wani dutse a ɗaya gefen. Jifa ta farko ta kuskure. Ta biyu ta same shi, ya saki murya kwazazzabon ya amsa. Duk suka zuba wajen, har babbar. Na ci gaba da jifa ina ja da baya, sannan na tattara zanena na runtuma. Kugen Dogara yana can har yau, Allah ya saka masa. Sai da na fita na zauna ina haki, ina duban gyalen da ke hannuna, na tuna yadda ya rufe wa ƙarfe baki. Zannuwan Kaka suka faɗo mini a rai, amma ban yarda na yanke hukunci ba. Abu ɗaya kawai na gani, ganga kuwa ba ƙarfe ba ce.

Ƙasa ta biyu ta mata magina tukwane ce. Gidajensu ma tuluna ne, manya kamar rumbu, an huda musu ƙofa da taga. Da yamma sukan zauna a dandali, kowace da tulunta tsakanin cinyoyi, tana bugun bakinsa da tafi. Amon yakan fito da kauri, kamar ana magana daga cikin rijiya. Shugabarsu Iya Lantana, gajeriya mai faɗin dariya, ta ji tambayata ta ce, "Shiga nan tukuna, 'yar'uwa."

Ta sa ni cikin wani tulu da ba a huda ba sai baki a sama, aka zura ni da igiya. Sannan mata suka bugi bakin da wani faifan fata. Wayyo! Iskar da ke ciki ta matse ni ta sake ni, ta matse ta sake, na ji ta a ƙirji da haƙora. Aka fito da ni ina layi.

Iya Lantana ta ce, "Kin ji wanda ke yin aikin? Mu muna bugu, amma iskar da ke ciki ita ke ɗaukar bugun ta yi ta kai da kawo tana ƙara masa ƙarfi, sannan ta fita ta ture iskar waje, ta waje ta ture ta gaba, har ta iso kunnenki."

Ta jawo tulun kiɗanta ta ce in riƙa zuba ruwa tana bugawa. Ina zubawa muryar tana sirancewa, tana hawa sama. Da ya cika sai ta koma kamar ana marin laka.

"Tulu mai ƙoshi ba ya waƙa," in ji ta, tana shafa nata cikin. "Ni ce kawai Allah ya yi wa sassauci."

Na zauna da su ina koyo, ni ma na yi musu kiɗan ƙwarya irin namu. Nan na jawo wa kaina. Kiɗan ya shiga ransu, suka ce ai na zama tasu, ba inda za ni. Na yi roƙo, na faɗi sunan Jatau, na yi kuka. Daga ƙarshe Iya Lantana ta ce al'adarsu ba ta hana baƙo tafiya, amma shi zai nemi ƙofa da kansa. Ganuwar garin jerin tuluna ce a kwance, bakinsu yana duban gari, kowane an toshe shi da marufin yumɓu. Wasu hatsi ne a ciki, wasu ruwa, wasu amyar zuma ce. Guda ɗaya ne ba shi da gindi, yana buɗewa cikin wani dogon rami da ya fita bayan tsauni. Marufi ɗaya aka yarda in fasa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, kunnena a jikin marufi. Na hatsi suka ce tuf. Na ruwa suka amsa a gajarce. Na zuma ban ma jira amsarsu ba, don tun kafin in buga na ji masu gida suna gunaguni. Akwai waɗanda babu komai a ciki, suka yi amo mai daɗi har na kusa ruɗuwa, amma na daure na ƙarasa layin. Can kusa da ƙarshe na buga wani, muryar ta yi ƙasa, ta yi nisa, ta daɗe ba ta dawo ba. Babu tulun da ke da cikin da zai yi wannan. Na ɗauki dutse na fasa, iska mai sanyi ta bugi fuskata.

Matan suka rangaɗa guɗa, ko da yake wasu suna share hawaye. Iya Lantana ta ce, "Mun koya miki abin da kika guje mana da shi. Je ki, Allah ya kai ki ga ɗanki."

Ramin ya fitar da ni ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa sai ya huta ya dawo. Mutanenta majema ne da makaɗa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kowane makaɗi yana yawo da kaskon wuta. Na sauka wajen wani tsoho, Barmo, wanda aka ce shi ya ɗaura fatar rabin gangunan ƙasar. Ya ɗauko ganga ya watsa gero a kan fatar, ya bugi gefenta. Geron ya tashi yana tsalle, yana gudu daga wani wuri yana taruwa a wani, kamar 'yan mata a dandali. Na durƙusa ina kallo, ban san lokacin da na ce "Tsarki ya tabbata ga Allah" ba. Abin da leɓena ya ji a jikin kuge, ga shi yau ido yana gani.

Barmo ya ce, "Fata ta yi ƙasa ta ture iskar ciki, ta yi sama ta ture ta waje. Shi ke nan sirrin, 'yata, sauran duk gyara ne."

Gyaran kuwa ya nuna mini shi dalla-dalla. Ya matse igiyoyin kalangu a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau; ya sassauta, ta sauka. Ya nuna mini ƙaramar ganga mai kaifin murya da ba ta wuce unguwa, da babba mai kauri da ake ji bayan daji. Ya bar wata a cikin damshi har ta saki, ta koma kamar ana bugun tabarma, sannan ya kara ta kusa da kaskon yana juyawa, ba kusa sosai ba kada ta tsage, har ta dawo da muryarta. Ya kuma riƙe hannuna ya ce, "Kada ki bar gula ta kwanta a kan fata. Ki gaishe ta ki janye. Wanda ya daɗe a kanta shi ke rufe mata baki."

Ina nan sai na ga balbelu suna wucewa yamma garke-garke. A garinmu wucewarsu ita ce alamar damina ta ja baya. Na miƙe ko sallama ban gama ba. Barmo ya sa aka ba ni wata ƙwarya da mutum ke zama a cikinta, aka tura ni kogin da ke gangarawa tafkinmu, ya jefo mini ƙunshin gero ya ce, "Mutanenki ba za su yarda da bakinki ba. Bar wannan ya yi magana."

Na iso da safe, amma Mayafi ya riga ni. Na laluba gaɓa da ƙyar, na bi ta da ƙafa. Sai da na zo dab da tudun mashaya na fara jin Kaka, dum, dum, kamar ana bugun katifa a ɗakin maƙwabta. Mata sun cika tudun. Jiragen kusa sun dawo, na nesa shiru, Jatau yana cikinsu.

Baffa Nomau ya gan ni bai daina bugu ba. "Kin samo maganin tsufan?"

Na ce, "Ba ta tsufa ba, Baffa. Dakata ka gani."

Na watsa gero a kan zannuwan da suka rufe fuskar Kaka na ce ya buga. Ya buga iya ƙarfinsa, geron ko motsi. Na kife ƙwaryata, na zuba wani a bayanta na buga gefe, ya yi tsalle ya watse.

Na ce, "Abin da ba ya rawa ba ya magana. Mun lulluɓe ta har ba ta iya motsi, mun cika mata ciki har ba ta da wurin numfashi. Sai an cire zannuwan, an zubar da tsakuwar."

Wurin ya ɗauki hayaniya. Wata ta ce, "A tuɓe Kaka a gaban jama'a? Gwamma, yawon ya taɓa ki ne?" Wata ta ce zanen mahaifiyarta yana ciki. Duk gaskiya suka faɗa, ban kuma ga laifinsu ba, don tsakuwar Arzika ma tana cikin nan.

Baffa ya daɗe yana duban geron da ke kwance, sannan ya dubi farin da ya rufe tafki. Ya ajiye gula. Ya sa hannu ya zare zane na sama, ya ninke shi da kyau ya miƙa wa mai shi. Ya zare na biyu. Da ya iso kan wani shuɗi mai bakin ja, hannunsa ya tsaya; na marigayiya matarsa ne, ta saƙa shi shekarar da shi kansa Kaka ta dawo da shi. Ya ɗora shi a kafaɗarsa ya ce, "Ku taya ni mana, ko sai na mutu a nan?"

Mata suka zuba hannu. Na ƙasan sun ruɓe sun manne, sai da muka kankare su da bakin ƙwarya. Maza suka karkata gangar, tsakuwa ta yi ta zuba ta ƙofar gefe har ta yi tsibi ya kai gwiwa. Fatar ta fito baƙa, lafiyayya, amma ta saki da damshi. Na sa aka kawo garwashi a kasake aka kewaye ta daga ɗan nesa, aka ja igiyoyinta, ina gwada ta da yatsa. Tuf. Muka jira. Tum. Jiran nan ya fi mini kwazazzabon kuraye wuya, amma na san idan muka matso da wutar fatar za ta tsage, shi ke nan. Sai da ta amsa yatsana da kyau na watsa sauran geron na ce, "Baffa, ka gaishe ta ka janye."

Ya buga.

Geron ya tashi sama da kawunanmu. Na ji amon a tafin ƙafata kafin in ji shi a kunne, ya ratsa ƙirjina ya sauka kan ruwa ya tafi, ya yi ta tafiya. Tsuntsaye suka tashi daga ciyawar gaɓa. Wata tsohuwa da ta fi kowa shekaru a garin ta zauna a ƙasa ta ce, "Ita ce. Haka take sa'ad da nake yarinya."

Baffa ya yi ta bugu, hawaye na bin gemunsa. Can sai hancin jirgi ya huda farin, sai wani, sai wani. Kowace mace ta ruga ta kama nata. Ni ina tsaye. Rana ta take tsaka ba a ganinta, an canja wa Baffa hannu, an sake kara wuta, sannan na ji ƙarar filafili daga can hagu, da wata murya da ta dishe tana cewa, "Inna? An ce kin tafi ƙarshen duniya, ashe ke ce kike tayar da matattu!"

Jatau ya fito ruwa har gwiwa, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya yi abin da ya ga ubansa yana yi. Ya tsinci farar tsakuwa ya nufi ƙofar cikin Kaka. Baffa ya cafke wuyan hannunsa.

"Kai! Yanzu muka yi mata wankin ciki."

Jatau ya tsaya da tsakuwarsa, bai san inda zai kai godiyarsa ba, sauran masunta ma duk sun tsaya a bayansa da tasu. Na dubi tsibin nan na kakanni, na ɗauko wani busasshen gora da ke rataye a rumfar mashaya, na ɗebi cikin hannu daga tsibin na zuba, na miƙa wa Jatau bakin goran. Ya jefa tasa. Na toshe, na girgiza.

Tsakuwar ta ce caka-caka, ras a kunne, tasa da ta ubansa da ta waɗanda ba mu ma san sunayensu ba. Baffa ya saurara, ya gyara zanen shuɗin a kafaɗarsa, ya ɗaga gula, Kaka ta amsa musu.